Sa Hannu A Takardar Gida: Shaida Ce Ko Alfarma?

A wannan mako za mu duba wani abu da yawancinmu muka raina, watau sa hannu ko dangwala yatsa a takardar cinikin gida ko fili.

Mutum yana zaune a ƙofar gidansa bayan La'asar, sai maƙwabci ya zo da takarda a ninke, ya ce, "Malam, don Allah sa mini hannu a nan, shaida ɗaya ya rage." Bai ga mai sayarwa ba, bai ga an ƙirga kuɗi ba, ko iyakar filin bai sani ba. Amma kunya ta hana shi ƙi, sai ya karɓi alƙalami. A ganinsa alfarma ya yi. A wajen Shari'a kuwa shaida ya bayar, domin wannan hannu yana cewa, "A gabana aka yi."

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a cikinta aka yi umurni da kafa shaida in an yi ciniki. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mutum ya shaidi abin da bai sani ba, ko da daga baya ya zamanto gaskiya ne.

Wani zai ce, "Ai lauyoyi sun ce aikin shaida kurum ya ga an sa hannu, abin da ke cikin takarda ba ruwansa." To, mu ɗauka ya gani ɗin. In ya san gidan na gado ne ba a raba ba, akwai marayu da 'yan'uwa mata da ba a shawarta ba, babban wa ne kaɗai ya sayar, yaya ke nan? Idonsa bai yi ƙarya ba, amma sunansa ne zai sa mai saye ya saki jiki, shi ne kuma za a nuna wa alƙali ranar da marayun suka girma. Tun da Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen kowace jiha ga Gwamna, takarda ta ƙara nauyi a sha'anin mallaka, ga shi kuwa takan daɗe bayan masu sa hannun sun riga mu gidan gaskiya.

Ba cewa muke a guje wa shaida ba, don ayar nan ta hana shaidu ƙin zuwa in an kira su. Abin da ya wajaba shi ne mutum ya ce a kawo mai sayarwa, a je a ga iyaka, in takardar da Turanci take a sami amintacce ya karanta masa. In maƙwabcin ya ce sauri yake yi, sai a ba shi haƙuri, ya dawo gobe da mai gidan.