Ƙwaro ɗaya, ɗauka dubu takwas

Duk wanda ya taɓa kai kyamara dab da ƙuda ya san abin da ke faruwa. Idon zai fito tar, har ka ga ƙananan gidajen da ke jere a cikinsa, amma fiffike ya koma hazo. Ka murɗa saiti fiffike ya fito, idon kuma ya dusashe. Tsadar kyamara ba ta maganin wannan, don ɗabi'ar haske ce: gwargwadon matsowarka kusa da abu, gwargwadon sirancewar wurin da ke fitowa sarai. A irin wannan kusanci, kaurin abin da ke fita ras sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba.

Mai gaggawa yakan tsuke kafar da haske ke shiga, daga f/8 ya kai ta f/22 ko f/32, don ya kama ƙwaron duka a ɗauka ɗaya. Kaurin wurin da ke fitowa sarai kam yana ƙaruwa. Sai dai haske in ya matsu ta ƙaramar kafa yakan bazu, sai hoton gaba ɗayansa ya yi dishi-dishi. Ga kai, ga fiffike, ga ƙafafu, amma ko gashi ɗaya ba za ka iya bi da ido ba.

Masu sana'ar sai suka bi wata hanya. Ana kafe kyamara a kan ƙafa uku, a ɗora ta bisa wani ɗan dogo na ƙarfe mai noti. A saita kan gashin da ya fi kusa, a ɗauka, a gusa gaba kaɗan, a sake ɗauka, har a kai ƙarshen jikin. Akwai dogo mai inji irin su StackShot da ke gusawa da kansa, kuma kyamarori irin su Nikon D850 ta 2017 suna iya sauya saitin daki-daki ba tare da an taɓa su ba. Daga nan manhaja, Helicon Focus ko Zerene Stacker, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsinci wurin da ya fito sarai a kowanne, ta haɗa.

Levon Biss, ɗan Ingila, ya kai wannan aiki maƙura. A 2016 aka baje hotunansa mai suna Microsculpture a gidan adana kayan halittu na Jami'ar Oxford, na ƙwarin da ke ajiye a gidan. Gilashin madubin likita ya ɗaura wa kyamararsa, yana gusa ta maikron 10 tsakanin ɗauka da ɗauka, wato ƙasa da kaurin silin gashi nesa ba kusa ba. Yakan raba ƙwaro kashi talatin ko kusa da haka, ido da nasa hasken, fiffike da nasa. Hoto guda yakan ci ɗauka wajen 8,000 da aikin makonni, sannan a buga shi har ya kai tsawon mita 3.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kamannin ɗauka guda daga cikin dubban nan. In ka buɗe ta ita kaɗai, hazo ne kusan duka, sai wani siririn layi da ya fito tar. Wanda bai san aikin ba gogewa zai yi. Amma cire ta, ko ka tsallake taki ɗaya a kan dogon, sai wani zobe na dishi-dishi ya ratsa jikin ƙwaron, kuma babu manhajar da za ta maido abin da ba a ɗauka ba.

Ina ganin haka zaman sulhu yake a ƙofar mai unguwa. Yarinyar da ke talla ta ga wanda ya fara ɗaga hannu, ba ta ji abin da aka faɗa ba. Tsohon da ke bayan zana ya ji maganar, bai ga kowa ba. Mai hikima ba ya korar yarinya don shaidarta gajera ce, ba ya kuma karɓar duk abin da tsoho ya ƙara daga zato. Yana neman iyakar abin da kowa ya tabbatar. Wanda ya fi ba ni tsoro a irin wannan zama shi ne mai cewa ya ga komai daga farko har ƙarshe.

Aikin ɗaukar hoton kuwa yana da sharuɗɗa masu tsauri. Kada ƙwaro ya motsa, kada haske ya sauya, kada tebur ya girgiza. Shi ya sa masu ɗaukar ƙwari masu rai suke sammako, lokacin da sanyin asuba bai sake su ba. Ko an cika duka, manhaja takan rikice inda gashi ya gitta gaban wani gashi, ta bar inuwa kewaye da shi. Nan dole mutum ya zauna, ya koma cikin tarin hotunan, ya nemo wanda gashin ya fito sosai a cikinsa, ya gyara wurin da hannunsa.