Idon Baƙo: Bulus a Atina, 'Ya'yanmu a Sangere

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34



Duk lokacin da Jami'ar Modibbo Adama ta buɗe sabon zangon karatu, Sangere takan cika ta batse. Motoci na sauke katifu da buhunan masara da jarkokin man gyaɗa, iyaye na ciniki da masu ɗakunan haya, yara kuwa idanunsu na ta yawo a kan sabon wuri. Tun da aka kafa makarantar a shekarar 1981, haka abin yake. Kafin a rabu, akwai gargaɗin da kusan kowane uba yakan yi: daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin sujada, ban da yawo. Wanda ɗansa zai ƙetare zuwa Uganda ko Kubrus ko Indiya ko Ingila, yakan ƙara nanata wannan magana har a bakin filin jirgi.

Gargaɗin daga ƙauna ya fito, kuma akwai dalili a bayansa. Wanda ya sayar da shanu ko ya ci bashin adashi don ya biya kuɗin makaranta, ba zai so ya ji labarin ɗansa a wuraren shaƙatawa ba. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce, shin yaron da ya yi shekara 4 ko 5 a wata ƙasa, ya dawo bai san kome game da ita ba sai hanyar aji da ta kasuwa, ya cika nufin Allah da ya kai shi can? Bari mu dubi wani baƙo da ya taɓa samun kansa da 'yan kwanaki na jira a babban birnin ilimi.

Bulus Manzo bai shirya zama a Atina ba. Tarzoma ce ta kore shi daga Tasalonika, ta bi shi har Biriya, sai 'yan'uwa suka rako shi Atina suka koma, ya zauna yana jiran Sila da Timoti. Wannan ya faru wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu. A lokacin, ƙarfin mulkin Atina ya daɗe da wucewa, amma sunanta a fagen ilimi yana nan, har manyan Roma sukan aika 'ya'yansu can su yi karatu. Babban haikalin nan da ke bisa tudun birnin ya kusa shekara 500 da ginawa sa'ad da Bulus ya ɗaga ido ya gan shi. Mutum ne shi kaɗai, a gajiye, ba ɗan'uwa a kusa. Da ya kulle kansa a masauki yana addu'a har abokansa su iso, ba mai ganin laifinsa.

Bai yi haka ba. Ya fita ya zaga gari. Shi da kansa ya faɗa wa mutanen Atina daga baya cewa ya bi titunansu yana duba abubuwan da suke yi wa sujada ɗaya bayan ɗaya. Kallonsa kuma ba na mai wucewa ba ne, gama ya tsaya har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagadi, wanda aka keɓe wa wani allah da su kansu suka amsa ba su san shi ba. Mutane nawa ne suka wuce wannan bagadi kowace safiya ba su kula ba? Idon baƙo ne ya gan shi. Ya shiga majami'a, ya shiga kasuwa kowace rana, ya saurari masanan Abikuriya da na Sitokiya, ya yi muhawara da su. Da suka kai shi Tudun Arasa domin ya yi bayani, da abin da ya gani a yawonsa ya buɗe magana. Har ya kafa hujja da maganar mawaƙansu, ɗaya daga cikinsu kuwa Aratus ne, mutumin Kilikiya, lardin da Bulus kansa ya fito. Wato ya karanta littattafansu tun kafin ya taka ƙasarsu.

Luka ya kuma gaya mana cewa ran Bulus ya ɓaci ƙwarai da ya ga yawan gumakan birnin. Wannan wuri ne da ya kamata matasanmu su lura da shi sosai. Kyan gini bai ruɗe shi ya manta ko shi wane ne ba, ɓacin ran kuma bai sa ya zagi kowa ko ya taɓa kayan kowa ba. Ya yi musu magana da ladabi, ya fara da yabon himmarsu ga ibada, sa'an nan ya kai su ga Mahalicci da tashin Yesu daga matattu. Waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, 'yan kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris. Da a ce ya zauna a ɗaki, da waɗannan sunaye biyu ba su shiga Littafi Mai Tsarki ba.

To, ɗana, 'yata, da kuke zaune a Sangere, me kuka gani tun zuwanku? Da yawa sun san Jimeta ne kawai ta wajen kasuwar zamani da tashar mota. Kun taɓa tsayawa a bakin Binuwai kun duba yadda kogin yake janyewa da rani ya bar rairayi da gonakin fadama, ya kuma dawo da damina ya cika gaɓa? Kun taɓa shiga cikin garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kun ga fadar Lamiɗo, kun tambayi tarihin mutumin da sunansa zai kasance a kan takardar shaidarku har ƙarshen ranku? Kirista ba ya rasa kome don ya san tarihin maƙwabcinsa Musulmi, ya gaishe shi da girmamawa a ƙofarsa. Rashin sanin juna ya jawo mana asara mai yawa a wannan yanki. Idan kuka bi hanyar arewa, ga duwatsun nan uku na Song a tsaye a jere, waɗanda matafiya suke hange ta tagar mota ba sa tsayawa.

Akwai kuma wuraren da suka fi kusa da zuciyarmu. Numan tafiyar safe ce a dawo da yamma. A nan Gongola yake haɗuwa da Binuwai, a nan kuma Dokta Niels Bronnum, likita ɗan ƙasar Denmak, ya sauka a watan Oktoba na 1913, bayan ya binne matarsa a hanya. Daga wannan sauka ce Ikkilisiyar Lutheran ta wannan ƙasa ta tsiro. A Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a ƙarƙashin itacen tsamiya, mafarin Ekklesiyar 'Yan'uwa ke nan. Yaron da ya taka waɗannan wurare ya ga nisan da aka yi, da zafin ƙasar, da irin hanyar da aka bi, ba zai ƙara ɗaukar bangaskiyarsa kamar rigar gado da aka rataya masa ba. Gani ya kori ji. Can kuma a Madagali akwai Sukur, da hanyoyinta na shimfiɗaɗɗun duwatsu da fadar Hidi a bisa dutse, wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1999. Ita dai ba tafiyar yini ɗaya ba ce, an kuma kai mata hari a 2014, kamar yadda aka kai wa Garkida a 2020. Mai son zuwa irin waɗannan wurare sai ya fara tambayar mutanen wurin halin da hanya take ciki, ya kuma ji maganarsu.

Waɗanda suke karatu a ƙasashen waje kuwa, wani lokaci abin yakan ba mutum mamaki. 'Yan Nijeriya da yawa suna karatu a Famagusta, a arewacin tsibirin Kubrus. Bai kai kilomita 10 ba daga can zuwa kangon Salamis, garin da Bulus da Barnaba suka fara wa'azi a tafiyarsu ta farko, kamar yadda sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Barnaba kansa ɗan tsibirin ne, kuma kusa da wurin akwai kabarin da mutanen ƙasar suke cewa nasa ne. Yaro zai iya karanta wannan sura a zumuntar matasa da dare, bai san cewa da safe zai iya zuwa ya tsaya a wurin ba. (Ba muna tallar karatu a can ba ne. A 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje ta gargaɗi iyaye game da arewacin Kubrus saboda mutuwar waɗansu ɗalibai, don haka a yi bincike sosai kafin a tura yaro.) Haka nan mai karatu a Kampala, Namugongo tana bayan gari kaɗan. A can ne aka ƙone samari masu hidima a fadar Kabaka Mwanga da ransu, ranar 3 ga Yuni 1886, saboda sun ƙi musun Almasihu, 'yan Katolika da 'yan Angalikan tare. Da yawansu sa'o'in ɗalibanmu ne, waɗansu ma ba su kai ba. Dubban mutane suna takawa da ƙafa daga ƙasashe maƙwabta kowace shekara don su je wurin, ɗan namu kuwa kuɗin mota kaɗan ne tsakaninsa da shi.

Yanzu sai mu zo ga abin da yake hana iyaye barci, gama ba za mu rufe ido a kansa ba. Ba kowace fita ce irin ta Bulus ba. Akwai fitar da ake farawa da ƙarya: a buga waya gida a ce ana bukatar kuɗin littafi ko na gwaji, alhali kuɗin motar yawo ne da na sabuwar riga don ɗaukar hoto. Uwa ta sayar da akuyarta, washegari ta ga hoton a Facebook a wayar maƙwabciya. Wurin da aka je yana iya zama mai kyau, amma kuɗin na zamba ne, kuma amanar da ta karye a ranar tana da wuyar ɗinkewa. In kana son zuwa, faɗi gaskiya. In babu hali, ka tara daga kuɗin abincinka, ko ka haƙura sai wani zango. Akwai kuma fitar da ba wanda ya san inda aka nufa, da su wa aka tafi, ko yaushe za a dawo. Wannan ba 'yanci ba ne, ganganci ne. Ruwa musamman ba ya wasa: a 2023 kwale-kwale ya kife a tafkin Njuwa a nan Yola, rayuka suka salwanta, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san Binuwai na damina ba shi ne na rani ba. Kada a shiga jirgin da aka cika wa kaya, kada a yi iyo a inda 'yan gari ba sa yi. Ranar Lahadi ma a bar ta a matsayinta. Asabar tana nan, hutun zango yana nan. Bulus da ya zaga Atina, majami'a ya fara nema.

Iyaye, ku ma akwai naku. Idan kuka hana kowace fita, yaro ba zai daina fita ba, sai dai ya daina gaya muku. Gara ku tambaye shi: ina za ku, su wa za ku tafi tare, wa yake jagora? In ya dawo kuma ku tambaye shi abin da ya gani, ku saurara. Amsarsa za ta nuna muku irin idon da yake kallon duniya da shi fiye da yadda takardar sakamako za ta nuna.

Sauran magana ga ikkilisiyoyin Sangere da Girei da Jimeta da Yola. Yadda namu suke baƙunci a wata ƙasa, haka 'ya'yan waɗansu suke baƙunci a cikinmu. Kowace Lahadi suna zaune a kujerun baya, daga Binuwai, daga Filato, daga kudancin ƙasa, daga Kamaru, waɗansu ba sa jin Hausa sosai balle Fulatanci ko Bachama. Iyayensu suna can suna irin addu'ar da muke yi. Sun shekara a nan ba wanda ya taɓa ce musu, ku zo mu je ku ga garinmu. Idan ba mu kai su ba, akwai waɗanda za su kai su, kuma ba Numan ko Garkida za su nufa ba. Kwamitin matasa da Zumuntar Mata za su iya ɗaukar wannan a wuyansu: Asabar ɗaya a zango, mota ɗaya ta haya, dattijo ɗaya wanda ya san tarihi yana kuma iya ba da labari, kulolin abinci daga gidaje uku ko huɗu. A rubuta sunayen masu tafiya a bar wa Fasto, a tashi da sassafe bayan addu'a, a dawo Sangere kafin rana ta faɗi.