Idan Gyaran Bai Kai Minti Biyar Ba

Ɗan'uwa, a ce da sassafe motarka ta ƙi tashi a Lamashegu, cikin Tamale, inda garejin makanikai suke da yawa. Ka murɗa makulli, ƙas-ƙas kawai kake ji. Makanike ya zo, ya ce ka kunna fitilun gaba. Suka yi dishi-dishi. Ya buɗe bonet, ya tarar farin gari ya taru a kan batir, wayar kuma ta yi sako-sako. Ya kankare, ya ɗaure da sufana. Mota ta tashi.

To, nawa ya kamata ka biya shi?

Shi ya san ciwon motar, kai ba ka sani ba. Da ya ce batir ya mutu, ko sitata ta ƙone, da ka ƙirga masa sidi masu yawa, har da godiya. Wannan sata ce, ko da ba wanda ya gani. A nan ba gardama.

Amma namu laifin fa? Da yawanmu, har da ni, mukan ce, "Ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin koko. Mun manta shekarun da ya yi yana yaron gareji, kwance ƙarƙashin mota cikin zafin watan Maris, kafin kunnensa ya iya gane wannan ƙarar. Mai ƙarya ya ci tuwo da nama, mai gaskiya ya koma gida hannu wofi, yaran da suke koyon aiki a wurinsa kuwa suna kallo. Gobe wata motar za ta ƙi tashi, ɗayansu za a aika.