Kujerar Mulki Ba Gonar Gado Ba Ce

Tsarin mulkin Filifin na 1987, wanda aka rubuta bayan korar shugaban ƙasa Marcos, ya hana gida ɗaya mallake muƙaman siyasa, amma ya bar wa majalisa ta yi dokar zartarwa. Majalisar ta shafe sama da shekara talatin tana jan ƙafa, domin yawancin mazauna cikinta 'ya'yan gidajen mulkin ne. An ƙayyade wa gwamna da magajin gari wa'adi uku a jere, kowanne shekara uku, sai aka ɓullo wa abin ta bayan gida: maigida ya sauka, uwargida ta hau, ɗa ya karɓa, maigida ya dawo.

Mai son ganin inda wannan hanya ke ɓullewa ya dubi tsohon lardin Magindanawo, yankin Musulmi a tsibirin Mindanawo. A 1986 aka naɗa Andal Ampatuan babba mai riƙon kujerar magajin garin Maganoy. A 2001 ya zama gwamna. Ɗansa Zaldy ya hau gwamnan yankin Musulmi mai cin gashin kansa, wani ɗan, Andal ƙarami, ya riƙe garin Datu Unsay. Har garuruwa aka yanka aka raɗa musu sunayen 'yan gidan. Gwamnatin ƙasa a Manila ta kawar da kai, tunda ƙuri'un lardin suna zuwa mata a dunƙule.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009, ayarin iyalan Esmael Mangudadatu ya tafi miƙa takardar takararsa ta gwamna. Aka tare su a hanya, aka kashe mutum 58, cikinsu har da matarsa da 'yan jarida 32. Katafilar da aka haƙa ramin binne su da ita ta gwamnatin lardi ce, ga sunan gwamna rubuce a jikinta. Sai a Disamban 2019 kotu ta yanke wa Zaldy da Andal ƙarami ɗaurin da ya kai shekara 40. Uban kuwa ya rasu a 2015 yana tsare.

Jama'a, ɓarna irin wannan ba dare ɗaya take tsirowa ba. Tana farawa ne ran da talaka ya karɓi kuɗin ƙuri'a ya ce ai kujerar ta gidansu ce. Da zarar shugaba ya ɗauki amana a matsayin gado, mai neman karawa da shi ya zama ɓarawo a idonsa.

Kuma ba a ce shugabanci nagari ya ƙare a ƙasar ba. Jesse Robredo ya zama magajin garin Naga a 1988 yana ɗan shekara 29, an san shi da yawo cikin unguwanni da silifas, ya kuma ba ƙungiyoyin jama'a bakin magana a harkar gari. Matarsa Leni ta shiga siyasa bayan rasuwarsa a 2012. Ashe aibin ba ya ga haɗa suna, yana ga toshe wa wasu ƙofa.

Don haka shugaba ya koya wa ɗansa sana'a da tsoron Allah kafin ya nuna masa kujera. Mai zaɓe kuma ya tambayi ɗan takara aikin da ya yi da hannunsa. Idan amsar sunan mahaifinsa ce kawai, a hana shi ƙuri'a.