Muhawarar 'Yan Takara: Neman Gaskiya Ko Neman Rinjaye?

Ranar Asabar 19 ga Janairun 2019 aka jera teburan jawabi biyar na muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja, amma uku kaɗai aka tsaya a kansu. Shugaba Muhammadu Buhari bai zo ba. Atiku Abubakar ya iso har wurin, da ya tarar babban abokin karawarsa ba ya nan sai ya juya abinsa. Aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye suna ta zuba hujjoji. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 23 ga Fabrairu, mutum biyun nan da suka ƙaurace wa zauren su suka kwashe kusan komai, Jihar Katsina kaɗai ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan ɗaya.

Shekara takwas kafin nan kuwa Buhari ne ya je, wani ya ƙi zuwa. A watan Maris na 2011 ya tsaya tare da Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau a muhawarar gidan talbijin na NN24, Kadaria Ahmed tana jefa musu tambayoyi, Shugaba Goodluck Jonathan kuma bai leƙo ba. Masu sharhi da yawa sun ce Shekarau ne ya fi kowa iya bayani a daren. Ranar zaɓe bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba, Jonathan da ya ƙi zuwa ya haura miliyan 22.

Wanda ya dubi wannan daga Zango, ko daga kowace ƙaramar hukuma cikin biyar ɗin masarautar Daura, yana iya cewa muhawara ɓata lokaci ce. Amma akwai wani ƙorafi da ya fi wannan nauyi, wanda ake ji daga bakin masu ilimin addini: shin ya dace Musulmi ya miƙe a gaban jama'a yana yabon kansa, yana kushe ɗan'uwansa, don a ba shi mulki? Idan kuma hakan bai dace ba, mene ne matsayin waɗanda suka kwana suna tsara masa dabarun da zai kayar da abokin hamayya, da waɗanda suka zauna suna sassaƙa tambayoyin?

Masu ƙorafin ba su rasa madogara ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, ya nuna masa cewa wanda ya nema za a bar shi da kayansa, wanda aka ba shi ba tare da ya nema ba za a taimake shi. Aya ta 32 a Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa. Wani hadisin kuma ya sanya mai tsananin husuma cikin mutanen da Allah ya fi ƙi. A nan ƙasar Hausa ma, littafin Usulus Siyasa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya ja kunne a kan kwaɗayin mulki. A ɗaya gefen akwai Annabi Yusuf (AS), wanda a aya ta 55 ta surarsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma faɗi cancantarsa da bakinsa: riƙon amana da sanin aiki. Daga nan malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi suka fitar da cewa wanda ya san shi ne zai iya aikin, kuma ba a san shi ba, yana iya gabatar da kansa ya faɗi abin da ya iya. Tsarin mulkin Nijeriya dai bai bar wata ƙofa ba: wanda bai sayi fom ya nemi ƙuri'a ba, ba zai zama ko kansila ba. Saboda haka neman an riga an yi shi tun kafin a shiga zauren muhawara. Abin da ya rage shi ne a binciki mai neman, ko a miƙa masa ba tare da an tambaye shi komai ba.

Wanda ya fi kowa tona asirin muhawara shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Ya san abin daga ciki, domin da iya munazara, wato muhawarar malamai, ya yi suna a fadar waziri Nizamul Mulk kafin a ba shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A Littafin Ilimi na Ihya'u Ulumiddin ya jero cututtukan da munazara ke haifarwa a zuciya: hassada, girman kai, ƙullata, gulma, yabon kai, bin diddigin aibin mutane, murna da tuntuɓen abokin magana, munafunci, ƙin karɓar gaskiya, da riya. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake shirya ɗan takara zai ji kamar Gazali yana laɓe a bayan labule. Ya kuma gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa a yi magana a kan matsalar da ke faruwa da gaske, kuma mai munazara ya zama kamar mai cigiyar dabbarsa da ta ɓata, wanda bai damu ba ko shi ya gan ta ko wani ya gano masa.

A wannan ma'auni kusan babu muhawarar siyasar da za ta tsallake. Babu ɗan takarar da ke hawa dandamali da fatan gaskiya ta fito daga bakin abokin hamayyarsa, irin fatan da aka ruwaito Imam Shafi'i yana yi. Sai dai akwai wani bambanci da bai kamata a tsallake ba. A munazarar malamai, masu maganar su ne masu cigiyar. A muhawarar zaɓe kuwa mai cigiyar yana can gefe: manomin da ya kasa kunne ga rediyo a 'Yardaje, ko matar da ke sauraro ta waya a Rogogo, duk a ƙaramar hukumar Zango. Su ne alƙalai. 'Yan takara masu shigar da ƙara ne kawai, kowa yana kare kansa. Kuma game da masu ƙara akwai hadisin Ummu Salama, inda Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja har a yanke hukunci a ba shi abin da ba nasa ba, ya kuma yi gargaɗin cewa abin da ya karɓa ɗin yanki ne na wuta. Hadisin bai ce a rufe kotu ba don akwai masu zaƙin baki. Ya ɗora nauyin a wuyan mai zaƙin bakin.

Zango ma tana da alaƙa da wata tsohuwar muhawara. Bayan da jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya fita, daga baya wani reshensa ya kafu a Zango, har zuwa farkon ƙarni na 20 lokacin da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Sarakunan Hausa da aka kora sun nemi agajin Barno, kuma wannan agajin yana cikin abin da ya jawo musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi da Muhammadu Bello. Elkanemi ya kafa hujja cewa saɓo da bidi'a ba sa mayar da Musulmi kafiri har a yaƙe shi. Bello ya mayar da martani cewa Barno ce ta mara wa masu yaƙar jama'ar jihadi baya. Abin lura shi ne Bello ya kawo maganar Elkanemi cikin littafinsa Infaƙul Maisur, da zafinta, sannan ya ba da amsa. Yau bayan shekara sama da 200 mai karatu yana iya auna ɓangarorin biyu da kansa, har ya ga inda hujjar Elkanemi ta yi ƙarfi. Masu yanka bidiyon abokin hamayya su ɗauki rabin jimla su watsa a Facebook da TikTok ba su gaji wannan ba.

To ina iyakar dabara? Shirin da ake yi wa ɗan takara iri biyu ne, ko da yake a ɗaki ɗaya ake yin su. Akwai zaunar da shi ya san kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, da yawan makarantun firamare da ɗakunan shan magani, da abin da doka ta ba kujerar da yake nema da abin da ba ta ba ta ba. Wannan neman ilimi ne, kuma wanda ya nemi mulki bai yi shi ba ya ci amana tun kafin a ba shi. Akwai kuma koya masa yadda zai zille wa tambaya, ya amsa wadda ba a yi masa ba, ya cinye minti biyunsa da godiya ga iyayen ƙasa da jinjina ga jam'iyya. Mafi muni shi ne horar da shi kada ya taɓa cewa bai sani ba. A ƙasar da mazhabar Malikiyya ta yi jijiya wannan abin kunya ne, domin an ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Mai neman kujerar majalisar wakilai ta Zango da Baure bai fi Malik ba. In ya ce bai riƙe adadin ba amma ga inda zai samo shi, ya fi wanda ya ƙirƙiro lamba nan take.

Batun tono aibin abokin hamayya ya fi santsi. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gulmar da aka hana, ciki har da gargaɗin Musulmi da ba da shawara, ya kafa hujja da yadda Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu halin mutum biyu da suka nemi aurenta. Idan ana iya faɗin halin mai neman mace ɗaya, mai neman amanar dubban gidaje ya fi cancantar a faɗi nasa: kwangilar da ya karɓa bai gama ba, zaman majalisar da bai halarta ba, alƙawarin da ya ɗauka a zaɓen baya. Amma rangwamen ya tsaya a kan abin da ya tabbata kuma ya shafi aikin. Bai kai ga matarsa ba, bai kai ga gorin asali ba. A garin kan iyaka, inda gida ɗaya ke da dangi a Nijeriya da Nijar, jifan mutum da cewa ba ɗan ƙasa ba ne makami ne mai arha. An taɓa ganin ƙarshensa a 1980, lokacin da gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Barno, zuwa Chadi, har sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa.

Masu tsara tambayoyi su ma amana ce a hannunsu, wataƙila ma tasu ta fi nauyi, tunda suna tambaya ne a madadin wanda ba zai taɓa samun damar riƙe makirufo ba. A Amurka a 2016 ta bayyana cewa Donna Brazile, mai sharhi a CNN, ta tsegunta wa ɓangaren Hillary Clinton wasu tambayoyi kafin lokaci, gidan talbijin ɗin ya raba gari da ita. Wannan ha'inci ne a fili. Akwai wanda ba a cika gani ba: tambaya mai laushi ga wanda ake so, mai ƙaya ga wanda ba a so, ko tambayar tarko da ba ta da wani amfani sai kunyata mutum, irin wadda malaman da suka gabata suka ƙyamata a majalisin ilimi.

Tambaya mai amfani a Zango ba ta da wuyar samu. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai neman majalisar tarayya sai a tambaye shi me ya yi ko me ya ce a lokacin, kuma wane ƙuduri zai kai in ta sake faruwa. Mai neman shugabancin ƙaramar hukuma in ya yi alƙawarin buɗe iyaka, sai a tuna masa ba hurumin kujerarsa ba ne, a tambaye shi yadda zai bayyana wa jama'a kuɗin da ke shigowa duk wata, tunda Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sannan a bi kowace amsa da tambaya ta biyu, domin ta farko an hardace amsarta tun a gida.

Har zuwa zaɓen 2023 babu dokar da ta tilasta wa ɗan takara halartar muhawara a Nijeriya, shi ya sa wanda ya ga yana gaba yakan yi zamansa. Wannan lissafin siyasa ne, kada a sa masa rigar tawali'u. Sayyidina Abubakar a jawabinsa na farko bayan mubaya'a ya nemi jama'a su gyara masa in ya karkace, kuma ba a gyara wa wanda ya ƙi tsayawa a tambaye shi. Sashen Hausa na BBC ya nuna a 2019 da 2023 cewa ana iya tara 'yan takarar gwamna a Kano a yi musu tambaya da harshen da mai ƙuri'a ke ji. Ƙungiyoyin matasa da malamai da 'yan kasuwar Zango da Baure ba sa buƙatar jiran baƙi daga Abuja: su nemi zaure, su tattaro tambayoyin daga mazaɓu, su ɓoye su daga kowane ɓangare, su naɗi amsoshin, su ajiye su har zaɓe na gaba.