Ƙuri'ata da Turmin Atamfa

'Yan'uwana mata, akwai wata tambaya da ta daɗe tana cina a rai, yau dai zan amayar da ita. Shin matar da ta karɓi atamfa ta dangwala wa wanda ya ba ta, ta yi laifi, ko kuwa haƙƙinta ta karɓa?

A Batsari aka haife ni, aure ya kai ni Safana. Ina ƙarama, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ƙarfi a zaure, mu kuwa muna laɓe a bayan ƙyaure muna saurare. Shi ya ba mu labarin Malam Abubakar Imam, editanta tun da aka kafa ta a Zariya a 1939, wanda ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jarida tare da su Azikiwe. Baba yakan ce abin da ya koya a jaridar shi ne mutum zai iya riƙe sallarsa, ya so ƙasarsa, kuma ya buɗe baki ya faɗa wa mai mulki inda ya kauce. Su ukun ba kishiyoyi ba ne.

To, da sauƙi a faɗa a zaure. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar, a ƙasar Batsari, suka kashe mutum wajen 30. Mu da muke gefen dajin Rugu mun san kwanan zaune. Wace ƙasa ce za a ce in yi kishinta, alhali ba ta tsare mini ƙofar ɗaki ba? Wallahi na yi wannan tunani, ba sau ɗaya ba.

Da zaɓen 2023 ya zo, ga wahalar canjin kuɗi, ko na cefane babu a hannu, sai aka shigo mana gida da turmin atamfa da taliya. Na karɓa. Ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wata magana ta malamarmu ta Islamiyya. Ta ce ƙuri'a shaida ce, kina cewa ne wane ya cancanta a ba shi amanar mutane. In kin san bai cancanta ba kika dangwala, me ya raba ki da mai shaidar zur? Sai kuma na tuna matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kanta. Abin da wata ta shiga kurkuku dominsa, ni na ba da shi a kan yadi shida!

Amma fa ban yarda a yi wa kowa kuɗin goro ba. Maƙwabciyata gudun hijira ta yo daga ƙauye, an kashe mai gidanta, marayu biyar a gabanta. Taliyar nan ita suka ci kwana uku. Ni da ke da hatsi a rumbu ba ni da bakin yi mata wa'azi. Hisabina da nata ba ɗaya ba ne.

Atamfar tana nan a ƙasan akwati. Sau biyu ina ɗaukowa zan kai wa tela, sai in mayar.