Ra'ayi riga ne? Tambaya daga ƙasar Dakoro

Duk lokacin da gardamar siyasa ta yi zafi a wata fada, akan samu dattijon da zai kashe wutar da cewa ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Maganar tana da daɗin ji, kuma ta raba faɗa da yawa. Amma idan aka auna ta, ba ta cika mudu ba. Rigar maƙwabcina ba ta hana ni barci, ko shuɗiya ce ko ja. Ƙuri'arsa kuwa tana iya kawo wanda zai yanke hukunci a kan rijiyar da nake shayar da dabbobina, da burtalin da ya ratsa gefen gonata. Tambayar da ta dace ke nan a yi: ta yaya zan girmama mutumin da na tabbata zaɓinsa zai cuce ni?

A ƙasar Dakoro wannan tambaya tana da nauyi fiye da a wurare da dama. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki ne, wajejen kwarin Tarka, inda gonar Bahaushe take kallon makiyayar Bafillace da Buzu. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004, kujerar ɗan majalisar gari ta zama kusa da bakin rijiya. Wanda ya ce wa manomi ko makiyayi siyasa wasa ce, ya ɗauke ta da sauƙi, bai san abin da ke cikin tukunyar ba. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a ƙarshen Oktoban 1991 aka kashe mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yara Fulani. Ba rikicin jam'iyya ba ne, amma ya faru ne a daidai kwanakin da Babban Taron Ƙasa yake kammala zamansa a Yamai, bayan ya ɗora wa wani ɗan Kornaka, Cheiffou Amadou, nauyin gwamnatin riƙon ƙwarya. A babban birni ana koyon saɓani da baki, a karkara ana yin sa da wuta.

Abin mamaki, jam'iyyunmu sun zaɓi sunaye masu sanyi daga harshen Hausa: Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Gaskiya, Lumana, har da Sawaba ta dauri. Da suna yana gyara hali, da ba a taɓa jin ɗan Nassara ya ƙi zuwa sunan ɗan Tarayya ba. Amma an ji. An ga ƴan uwa ciki ɗaya sun daina cin tuwo a akushi ɗaya, an ga sallama ta koma ta fatar baki. Kuma cutar ta girmi dimokuraɗiyyar 1991. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Djibo Bakary ya nemi a ce a'a aka rinjaye shi, an haramta Sawaba a 1959, a 1964 kuma aka harbe wasu mutanenta a bainar jama'a. Tun daga nan muka gaji wata mummunar ɗabi'a: wanda ya faɗi zaɓe ba abokin hamayya ba ne, abin farauta ne.

Masu son al'ada, kuma ina cikinsu, sukan ce maganin yana hannunmu: taubasantaka. Gaskiya ne gado ne mai daraja, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon ɗan Adam a 2014. Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya yi wa Babarbare ba'a, kowa ya yi dariya. Sai dai akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Taubashi yana zaginka ne alhali kai da shi kun san ba haka ne a zuciyarsa ba. Abokin hamayya kuwa, idan ya ce ɗan takararka ɓarawo ne, da gaske yake. Wasan taubashi yana koya mana jure magana mai ɗaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai koya mana abin da za mu yi ba idan ɗacin na gaske ne.

Akwai kuma wani abu da muke kira girmamawa alhali tsoro ne sanye da rawani. Yaro ya yi shiru gaban mahaifinsa, talaka ya ce to gaban hakimi, mace ta karɓi turmin atamfa da sabulu ta yi godiya, sannan kowa ya shiga bayan labule ya jefa abin da ke ransa. Kara da kunya suna da wurinsu, ba na musu. Amma wanda kullum nake ce masa to don kada ransa ya ɓaci, na ɗauke shi kamar marar lafiyar da ake ɓoye wa labari. Mutuncin da na ba shi na lallashi ne. A ganina girmamawa ta haƙiƙa tana farawa ne daga zaton cewa maƙwabcina yana da dalili, ko da dalilin bai gamsar da ni ba. Makiyayin da ya bi wata jam'iyya don ta yi masa alkawarin kare burtali ba jahili ba ne, ba kuma lalle sayen sa aka yi ba. Lissafi ya yi da abin da ya gani. Idan na yarda da haka, wajibi ne in faɗa masa nawa dalilin a fuskarsa, in saurari amsarsa, in bar ƙofar cewa wataƙila shi ne zai juya ni. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan yana da iyaka, kuma iyakar ba a wurin ra'ayi take ba. Wanda ya ce a ƙona bukkar wasu, ko a hana wata ƙabila ruwa, ya fita daga fagen saɓani. Ana iya ci gaba da ganin mutuncinsa na ɗan Adam, a yi masa ta'aziyya idan ya yi rashi, amma maganarsa ba ta cancanci a ce mata riga ba.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, tunda an kifar da gwamnati a ranar 26 ga Yuli 2023, kuma an rusa jam'iyyun siyasa a Maris ɗin 2025. To, rusa jam'iyya ba ya rusa saɓani. Mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987 bai bar jam'iyya ko ɗaya ba, amma da aka buɗe baki a 1991 sai ga ra'ayoyi sun fito kamar ɗango bayan ruwan farko. Mutanen da suka rabu a kan Tazarce a 2009, suka rabu a zagaye na biyu na Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, su ne dai ke zaune a kasuwar Sakabal da masallatan Dakoro. Abin da ya sauya shi ne kalmomin jifa. Jiya ana cewa ɗan adawa, an koma cewa maci amanar ƙasa, kuma wannan ta fi waccan haɗari, domin ɗan adawa ana jiran ranar da zai karɓi mulki, maci amana kuwa ba a jiran komai daga gare shi.

Malaman makaranta suna da wani abu a hannunsu da ɗan siyasa ba shi da shi: aji guda inda ɗan manomi da ɗan makiyayi suke zaune a benci ɗaya. A can za a iya sa yaro ya tashi ya bayyana hujjar wanda ba ya goyon baya, ya faɗe ta da kyau har mai ita ya ce i, haka nake nufi, kafin a ba shi izinin rushe ta. Aiki ne na minti 20 a mako, ba ya bukatar littafi ko kuɗin hukuma, kuma ƙungiyoyin al'adu suna iya yin irinsa a dandali da harshen da iyayen yaran suke ji.